Mai Gishirin Gada

Ƙarfe huɗu na asuba, Montreal na minshari,
ni kaɗai a kan gada, da shebur da buhun gishiri.
Kogin da ke ƙasa ya daskare baki-baki,
tsakiyarsa kawai ke tafiya, baƙa wuluk, tana hayaƙi.

Sunana Réjean.
Shekara goma sha ɗaya ina share 'yar hanyar nan
da faɗinta bai wuce taku huɗu ba.
Dusar ƙanƙara ba ta ba ni tsoro, ai ana ganinta.
Wadda nake shakka ita ce siririyar nan mai launin kwalta,
ta kwanta lamo, kamar ba ta san kowa ba,
sai taya ta hau ta, ta nuna hali.
Gada kan riga titi daskarewa;
iska ce ke bin ta sama da ƙasa.

Biyar da rabi Ghislaine ke wucewa, za ta asibiti,
farar fitila gaba, ja a baya, tayoyi masu ƙusoshi,
girarta ta yi furfura da tururin numfashi.
Ƙararrawa sau biyu, gaisuwarmu ke nan.
Sai a Afrilu, da ta kwance mayafin wuya,
na san ashe tana da wushirya.

Bayanta tsoho Ovide, da sanda,
hannu ɗaya a kan ƙarfen gefe,
yana bin damarsa kamar mai bin bango a duhu.
Kunnensa na hagu ya bar shi a masana'anta,
ta hagun kuma kekuna ke zuwa.
Kaɗa ƙararrawa har ta tsage, bai ji ba.
Wanda ya san shi, birki yake taɓawa.

Yanis bai san shi ba.
Yaro ne mai kai abinci, akwati a baya, agogo a zuciya,
gangarar gada a wurinsa kyauta ce daga sama.
Ranar sanyin fari, cikin Nuwamba,
ya taho kamar an harbo shi,
ya ga tsohon a makare, ya damƙe birkin gaba.
Keke ya yi gabas, shi ya yi yamma,
miyar wani ta malale a kan gishirina.
Hular kwanonsa ta tsage gida biyu. Kansa bai tsage ba.

Ovide ne ya miƙa masa sanda ya tashi,
ya ce, “Ɗana, wanda ya sayi miyar nan
zai iya jira. Uwarka fa?”
Tun ranar, in ya zo gangara, sai ya sassauta,
ya ɗaga hannu ta inda tsohon zai gani.

Kada ka ce in zafi ya zo na huta.
Yuli ma da nasa santsin: mutane.
Masu hoto sun tsaya a tsakiya suna neman kogi a waya,
mai gudu ya toshe kunne da kiɗa,
igiyar kare ta ratsa hanya kamar tarko,
ga yarinya ta saki hannun babanta.
Nan gishiri ba ya magani,
sai ido, sai haƙuri, sai “zan wuce ta hagunka.”

'Yata Maëlle tana yi mini dariya,
wai duk shekarun nan ban iya keke ba.
Gaskiyarta. Ban iya ba.
Amma ƙarfe bakwai, in gari ya yi shaa,
nakan waiwaya in karanta abin da aka rubuta a farar hanya:
sawun taya miƙaƙƙe, sawun takalmi a gefensa,
ɗigon sanda, ɗigon sanda,
babu inda jikin mutum ya kwanta.

Sai in saɓa shebur,
in sauka neman shayi mai zafi.