Ɗari Huɗu da Bakwai

An ɗauke wuta a Wad Madani,
Dakta Ihlas na fifita da maƙalarta ta sha tara.
Shekara bakwai tana tsefe ƙwayoyin gadon dawa,
tana neman silin da ke hana ƙuduji shan jininta.

Waya ta ce an ambace ta sau ɗari huɗu da shida.
Wani ɗalibi a Lima
har ya ɓata rubutun sunanta.

Da la'asar Kawu Barau ya iso daga Maiurno,
ya dire zangarniya kan tebur,
nauyinta kamar jinjiri.
"Irin nan naki," ya ce, "ƙuduji ya sha kunya bana."

Lambar waya ba ta motsa ba.
Ta lalubo biro,
ta ƙara ɗaya a tafin hannunta.