Wasiƙu Uku a Duluth

Afrilu ne, amma dusar ƙanƙara ta binne motar Baba har madubi.
Ni da ƙanena Eino a teburin kicin,
wasiƙu uku shimfiɗe tsakanin kofunan gahawa.

Ta farko takardarta kauri gare ta, har ƙamshi take.
Cikin ɗari da suka ƙwanƙwasa, goma sha ɗaya aka buɗe wa,
Eino na ciki.
Sau shida ya karanta "muna farin cikin sanar da kai"
kafin in juya masa shafi na biyu,
inda kuɗin ke kwance kamar kare a bakin ƙofa:
dala dubu saba'in da huɗu a shekara.
Sun yi karamci, sun yafe talatin.
Sauran, wai, iyali za su ji da shi.
Iyali.
Baba, da tashar jirgin ruwa ta cinye masa gadon baya,
da Mama mai ƙirga ƙwayoyi a kantin magani.

Ta biyu daga jami'ar jiha, awa biyu da rabi a mota,
aji guda mutum ɗari huɗu,
malami ba zai san sunanka ba ko ka suma a gabansa.
Ta uku daga kwalejin koyon sana'a ta kan tudu,
wadda ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba.
Shekara biyu, ka fito da igiyar wuta a kafaɗa,
ka kwana a ɗakinka, ka ci miyar Mama.

Eino ya buga jadawali a kwamfuta, yaron kirki.
Layi ɗaya: wuyar shiga.
Layi ɗaya: farashi.
Layi ɗaya: abin da ake samu shekara goma bayan an jefa hula sama.
Ya ɗora yatsa a kan lambar ƙarshe ta makarantar farko,
ido na walƙiya.

Na ce masa, wannan matsakaici ne, Eino.
In na zauna a benci ɗaya da mai banki,
matsakaicinmu attajiri ne.
Rabin waɗanda suka ɗaga lambar nan
kujera na jiransu a ofishin ubansu tun suna rarrafe.

Ni ma ina cikin lambar.
Shekara tara da suka wuce irin takardar nan ta zo da sunana,
Mama ta manna ta a firji.
Yau fenti nake haɗa wa mutane a kantin kayan gini,
kowane biyar ga wata dala ɗari biyar da sha biyu
na ficewa daga asusuna ba sallama.
Bashi hanji ne, an ce, yana cikin kowa.
Nawa dai ya fi cikina tsawo.

Amma ban gaya masa rabin gaskiya ba, na gaya masa duka:
akwai wata Farfesa Okerlund
da ta tsayar da ni gaban zane ɗaya awa guda cur
har na koyi gani.
Har gobe in na buɗe gwangwanin shuɗi
na san shuɗi nawa ke cikinsa.
Wane layi za ka sa wannan?

Daga tabki wani jirgin tama ya yi kuka, dogo, sannan gajere biyu.
Baba ya yi tari a ɗaki.
Ya ji komai, bangon gidanmu ba ya riƙe sirri.

Eino ya ce, Aune, da kin sani, za ki je?

Na wanke kofin da riga na wanke.
Na ce saura kwana goma sha tara kafin ɗaya ga Mayu,
ba yau za a yanke ba.

Ya ninke ta biyu da ta uku ya sa ƙarƙashin gwangwanin sukari.
Mai kaurin ta ƙi ninkuwa.
Ya tura ta cikin rigarsa, ya ɗauki shebur,
ya fita tono motar Baba.