Kuɗin Suna

Ƙarshen Disamba a Garwa.
Binuwai ta janye ta bar yashi a fili,
ni kuma ina hawa na biyu,
littafin kamfani buɗe a gabana.

Shekara shida ke nan da mutanen Duwala
suka sayi matsar man Alhaji Barau.
Suka ƙirga injina, tankuna, motoci uku,
har buhunan gyaɗar da ke sito:
miliyan ɗari huɗu na sefa.
Suka biya ɗari bakwai.

Ɗari ukun da ke sama, ni na rubuta su,
layi ɗaya, ƙarƙashin kadarori:
kuɗin suna.
Wato kuɗin ƙafar mai tuya
da ke wuce shaguna uku
don gwangwani mai hoton rago.
Kuɗin bashin da Alhaji ke bayarwa ba takarda,
da gaisuwar mutuwa da bai taɓa fashi ba.

Ƙa'ida ta ce kowace shekara
a ɗora suna a sikeli.
Mai bincike ya iso da jirgin Laraba,
bai taɓa sansana manmu ba.
Ya ce: kawo cinikin shekara biyar masu zuwa,
mu rage masa tsawon jira da haɗarin hanya,
mu ga abin da ya saura.

Manaja ya raɗa mini,
"Gambo, ɗan ƙara wa hasashen gishiri,
masu hannun jari ba sa son ja."
Na tuna ranar da ya soke bashi,
da ranar da ya ce a sirka man
ba wanda zai gane.

Ban ƙara ba.
Miliyan ɗari da tamanin na cire.
Ba a saci ko dala ba,
ba injin da ya tsaya,
amma jibi allon kasuwar Duwala zai sunkuya.
Kuma abin da aka yanke wa suna,
in ji ƙa'ida, ba a mayar masa
ko da ciniki ya dawo.

Da magariba na tsaya a Yalwa wajen Inna Talle.
Ƙosai na iyo a kasko,
gefenta wata jarka ce ba tambari.
Gwangwanin rago na nan,
toka take zubawa a ciki.

Na ce, tun yaushe?
Ta ce, "Damina uku."
Ta ƙara mini biyu gyara.