Abin da Rariya ta Riƙe

Ni ne Hammu ɗan Iddir, magini a Tamgurut,
inda yumɓu ke shiga wuta da launin toka
ya fito kore shar kamar ganyen na'a-na'a.
Shekara arba'in da ɗaya hannuna na cikin laka.
Ko a duhu ka miƙo mini curi
zan faɗa maka gaɓar da aka haƙo shi.

Kogin Dra ba kullum yake zuwa ba.
Sai a shekara ba a ji ɗuriyarsa ba,
jakuna na birgima a tsakiyar kwarinsa,
yara na ƙwallo a inda kakana ya koyi iyo.
Ran da ya ga dama kuwa, cikin dare yake saukowa,
ja wur, yana kumfa,
yana kwasar duk abin da aka manta a hanya.

Bana ya zo, ya kwana uku, ya wuce.
Na gangara da jaki da buhu biyu.
Na jiƙa, na dama, na tace da rariyar mahaifina,
sai ga waɗansu 'yan abubuwa sun ƙi wucewa,
baƙaƙe, shuɗaye, ɗaya ja-ja,
girman riɗi, amma ba nauyi.
Na sa guda a haƙori.
Bai fashe ba, bai narke ba,
sai dai ya lanƙwashe ya zauna.

Na san uwarsu.
Ledar da ake shimfiɗa wa kankana ce a gonakin Zagora,
da siraran bututun da ke ɗiga wa saiwa ruwa.
An yi girbi, motoci sun yi arewa da zaƙin,
an bar wa rana shimfiɗar.
Ita kuwa ranarmu ba ta san gajiya ba.
Ta gasa, iska ta yaga, rairayi ya niƙa.

Tuda, autata, ta zo hutu daga Agadir
da wani madubi mai dogon wuya a akwati.
Ta ɗebi ruwan da na riga na tace,
ɗigo ɗaya, ta ce in rufe ido guda in leƙa.
Na ga zare. Zare a cikin ruwan da na kira tsarkakakke,
curarre kamar gashin da ya maƙale a mataji.
Ta ce, "Baba, waɗanda rariya ta riƙe ai manya ne.
Wasu daga wankin rigunanmu ma suke.
Kogin da ke da ruwa yakan kai kayansa teku.
Namu a rairayi yake ƙarewa,
abin da ya ɗauko duk nan yake sauke shi,
gindin dabino, bakin rijiya."
Ban ce komai ba. Na tashi na duba wuta.

Akushi sittin na gasa a makon nan.
Koren ya fito, ba laifi,
amma da na ɗaga ɗaya na kara da rana
sai na ga huda, kamar an soka allura,
gurbin abin da wuta ta cinye ta bar shaida.
Tsohuwa Itto ta dawo da nata ran kasuwa,
ta ce man zaitun na zufa ta gindinsa.
Na ba ta wani. Ban yi mata alkawari ba.

Yanzu sau biyu nake tacewa, na ƙara da ƙyalle.
Abin da ya maƙale ina tarawa
a wani kofin shayi mai tsagaggen baki.
Ya kusa rabi.
Jiya na ɗauke shi zan zubar,
na zagaya bayan gida, na nufi juji, na tsaya.
Ko ta ina ƙasar nan gangare take,
kuma duk gangaren kogi ya nufa.
Na dawo da shi kan kanta,
kusa da gishiri.