Gwanjon Barikin Narin

Tumaki tara da goɗiya guda
Baba ya bayar a gwanjon barikin Narin.
Aka jawo ta da sarƙa har At-Bashi,
tana tafe tana zubar da noti a hanya
kamar tsohuwa mai zubar da haƙora.
Inna ta leƙo daga ɗakin girki ta ce,
"Saginbek, ka ba da masu rai ka karɓo gawa."

Hunturu uku ta yi a bayan garke.
Dusar ƙanƙara ta rufe ta, ta narke, ta sake rufewa.
Kaji suka mai da kujerar direba akurki,
ɓeraye suka cinye wayoyin fitila.
A na ukun ne yanar ido ta kama Baba,
sai ya kira ni: "Burul, ara mini hannuwanki."

Ni da ban san sifana ba, balle filaya.

Yana zaune kan bokitin da aka kife,
shayinsa na hucewa a gefe,
ni ina kwance a ƙarƙashi, tsatsa na zubo mini a baki.
"Lamba sha bakwai," in ji shi. "Ba wannan ba, na ji ƙararta."
Notin da ya shekara arba'in a wuri ɗaya
ba ya jin lallashi.
Na jiƙa shi da kananzir kwana biyu,
na gasa shi da wuta, na zage shi ta uwa ta uba.
Ranar Laraba ya juya,
ya tafi da fatar yatsana.

Kafireta muka wanke a kwanon miyar Inna,
ba ta sani ba sai da miya ta faɗa mata.
Lagireto na yoyo wuri huɗu.
Gaskit babu a kasuwa,
sai bangon littafin lissafina ya zama gaskit.
Fanbel kuwa wurin Kalis mai walda,
a bakin buhun dankali ɗaya da rabi.

Ina kankare ƙofa da sanfefa
na ga zane ƙarƙashin koren fenti:
layi-layi da tsinin ƙusa, biyar-biyar a ɗaure,
ɗari shida da sha ɗaya, sai suka tsaya.
Na jawo hannun Baba na ɗora.
Ya bi su a hankali kamar mai jan carbi.
"Wani yaro ne ke ƙirga kwanan komawa gida.
Ɗari bakwai da talatin ake yi. Ni ma na ƙirga nawa."
"To sauran fa?"
"Ko an canja masa mota, ko ƙusar ce ta ɓata."
Bai kawo na uku ba, ni ma ban tambaya ba.
Na fente ko'ina
na bar wurin, faɗin tafin hannu biyu.

Da ciyawa ta fara leƙowa a gindin tsauni
muka aro batirin tarakta.
Na murɗa: tari.
Na murɗa: tari da atishawa.
Baba ya karkata kunne.
"Fulogi na shida ne ke mana ƙarya."
Na cire, na goge, na hura, na mayar.
Na murɗa.

Ƙasa ta girgiza. Kaji suka watse.
Baƙin hayaƙi ya turnuƙe shanyar Inna.
Baba ya miƙe, ya laluba,
ya kifa tafinsa a ƙirjin motar,
ya daɗe a haka, leɓensa na motsi.

Maƙwabta suka taru suna tambaya
yaushe za ta haura da tantinmu makiyayar kan tsauni.
Birki bai kama ba tukuna,
ƙafar baya ɗaya kan kututture take.
Ba mu je ko'ina ba ranar.
Mun zauna a ciki mu biyu, inji na gurnani,
har fetur ɗin galan ya ƙare.
Inna ta miƙo shayi ta tagar da ba gilashi,
ta ce a saya mata sabon kwano.