Teburin da ke Kallon Madafa

Shekara talatin da huɗu Baba na shiga gidan nan
ta ƙofar baya, mai kallon kwata,
inda ake sauke buhunan albasar Galmi
da itacen tanderu.
Yau na kama hannunsa muka bi ta gaba.
Ya tsaya ya goge takalmi har sau uku.

Unguwar Tarminis, bayan magariba.
Jemagu sun bar itatuwa sun nufi hayin kogi.
Allon gidan ya koɗe, harafi biyu sun faɗi,
amma wane mai taksi ne a Yamai
bai san gidan Tsoho Jakomo ba?
Ƙasa ta daɗe da rufe idonsa,
saura hotonsa a bango, gashin baki kamar tsintsiya,
yana hararar duk mai yanka taliya da wuƙa.

Na zaɓa mana wuri kusa da taga.
Baba ya ce a'a.
Ya ja kujerar da ke fuskantar madafa,
ya ɗosana a bakinta, rabin jiki,
kamar mai jiran a ƙwala masa kira.

Yaro ya kawo takardar abinci.
Baba bai yi boko ba, bai kuma nema ba:
ya lumshe ido ya jero su daga sama har ƙasa
da harshen da ya tsinta a bakin tukunya,
Italiyanci mai ƙamshin Adar.
Yaron ya riƙe baki.

Burodi ya zo, da man zaitun a ɗan kasko.
Sai ƙarar murfi daga ciki, ƙwaram.
"Babbar ce," in ji shi, "mai kunne ɗaya.
Ni na karya ɗayan, shekarar da aka haife ki."

Taliya ta iso tana tururi, ja wur,
cuku na narkewa a kanta.
Hannun da ya murza dubunta
ga shi yana rawa da cokali mai yatsu.
Ya naɗa, ya kai baki, ya yi shiru.
Fanka na juyi. Wani Bature na dariya a lungu.
Na ƙirga numfashina har tara.

"Sun yi gaggawar sa ɗoɗɗoya," ya ce.
"Ganye ba ya son wuta, sai an sauke.
Tafarnuwar kam, madalla."
Can kuma, ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba:
"Ashe haka take da zafinta.
Mu sai ta huce, a tsaye, bayan an rufe."

Na rasa inda zan ajiye idona.
Na ajiye shi kan ƙyallen tebur mai gidan dara, ja da fari,
daidai inda wani ya ɗinke ƙuna
da zaren da bai dace ba.

Labari ya kai ciki. Sai ga Maidaji, mai girkin yanzu,
wanda Baba ya koya wa ɓare tafarnuwa
tun bai kai tsayin murhu ba,
yau ga furfura a gemu.
Ya durƙusa tsakiyar baƙi, hula a hannu.
Baba ya ce, "Tashi, miyarka za ta kama."

Kuɗi: jika goma sha takwas.
Na rufe takardar da tafin hannu
don na san lissafin da zai yi,
kwana nawa ke nan na tsayuwa.
Albashina ne na fari, kuma gida ya komo:
daga madafar nan aka saya mini alli,
da littafi, da takalmin zuwa lakwal.

Da muka miƙe sai na ga yana tattara farantai,
babba a ƙasa, ƙarami a bisa, cokula a gefe.
Na dafa hannunsa.
Ya dube ni, ya dubi hannun,
ya yi 'yar dariya, ya sake su.

A bakin ƙofar gaba ya waiwaya
ya yafito yaron:
"Tebur na huɗu suna son ruwa."