Fitsarin Asuba

Tun Litinin ruwa bai ɗauke ba a tsibirin Chiloé.
Gidanmu kan turaku yake, ƙafafunsa cikin teku;
in ruwa ya janye sai su fito baƙi wuluk da gansakuka,
kamar ƙaurin tsohuwar da ta wuni a bakin wanki.

Ran Talata na sayo abin awon.
Doña Eduvigis mai kantin magani ta sauke tabarau,
ni ta duba, ba kuɗina ba:
"Yasna, yaushe ne ranarki?"
Na ce sai Asabar.
Ta ce, "To me kike ci na baka na zuba?
Ɗan tsinken nan ba boka ba ne, ba ya duba.
Abin da jiki ya ba shi, shi yake karantawa,
kuma shaidar ciki a hankali take taruwa,
yau ɗigo, jibi ɗigo biyu.
Bari ranar ta zo ta wuce ba ki ga komai ba,
sannan ki tambaye shi da fitsarin farko na asuba,
wanda ya kwana, ruwa bai tsinka shi ba."

Na ce to. To ɗin a leɓe ta tsaya.
Na cusa kwalin ƙarƙashin dankali kamar na sato,
daren nan na ɗirki shayi kofi uku don ya matse ni.
Layi ɗaya.
Tsaye ƙyam, shi kaɗai, kamar turken ɗaure kwalekwale.
Na jefa shi kwando.
Sha ɗayan dare na tono shi, na haska da waya,
sai ga wata inuwa, ba ta kai silin gashi ba.
Na bi takardar da yatsa har ƙasa:
abin da ya fito bayan minti goma
shatin bushewa ne, ba amsa ba.

Laraba na koma kanti.
Ba ta ce uffan ba, ta miƙo wani, ta duba kwanan watan jikinsa.
Sai da na kai ƙofa ta ce, "Sauri kan haifi nawa."

Alhamis, Juma'a, ina feɗe kifi a masana'anta,
jan tsoka bayan jan tsoka, yatsu sun ƙage a safar roba.
Ƙarni ya tayar min da zuciya.
To, ai bara ma ya tayar, har sau biyu.
Nibaldo na can kan kejin kifi a tsakiyar ruwa,
ban faɗa masa ba.
Wancan karon na yi saurin baki,
ya sassaƙa ɗan gado kafin wata ya cika.
Yanzu ulun uwata muke tarawa a ciki.

Asabar ta zo. Na shiga bayi sau tara.
Asabar ta tafi, ba ta bar komai ba.

Lahadi na riga tsuntsayen teku tashi.
Katako ya yi sanyi, maƙogwaro ya bushe, ban kurɓi komai ba.
Na yi yadda aka ce,
na kife shi a bakin taga, na saita agogo minti uku.
In ɗaya ne, zan ƙara kwana uku in sake,
haka na yi ta gaya wa gilashi har ya yi raɓa.
Na ƙirga kwalekwale: bakwai, da na Don Belarmino mai yoyo.
Can nesa jirgin fito ya yi kuka.

Na juya shi.
Na farko, tsohon turkena.
Na biyu a gefensa, dishi-dishi,
kamar zaren da aka tsoma a rini aka yi saurin cirewa,
amma cikin lokacinsa ya zo.

Na zauna a ƙasa, ƙafafuna sun ƙi ni.
Gobe asibiti, su ma su duba.
Murhu ya mutu cikin dare,
ashana ta sha danshi, sai a ta huɗu ta kama.